Masuntan Hout Bay Na Da Haƙƙi a Kan Hanyar Chapman's Peak

Masu sha'awar tseren keke sun san hanyar Chapman's Peak ta Afirka ta Kudu. Tsawonta kilomita 9 ne tsakanin Noordhoek da Hout Bay, tana da kwana 114, kuma fursunoni ne suka sassaƙa ta a jikin dutse daga 1915 zuwa 1922. Kowane watan Maris dubban mahaya na gasar Cape Town Cycle Tour, wadda aka fara a 1978, suna hawanta suna haki, dutse a gefe guda, tekun Atlantika can ƙasa a ɗaya gefen. Abin da ke tsayar da mahayi ya ɗauki hoto shi ne gaɓar Hout Bay da jiragen kamun kifinta. A bisa tashar waɗannan jiragen unguwar Hangberg take, inda mulkin wariyar launin fata ya cunkushe masunta da ma'aikatan kifi waɗanda ba farar fata ba. A 2010 'yan sanda sun yi arangama da mazauna unguwar kan rushe bukkokinsu. A ganina, tunda garin masunta ne ke ƙawata hanyar, wajibi ne kaso daga kuɗin da take kawowa ya koma gare su.

Wasu za su ce gasar tana ba ƙungiyoyin agaji kuɗi, kuma baƙi na cin abinci a garin. Haka ne, amma sadaka tana zuwa ne ranar da mai bayarwa ya ga dama. Masunci na buƙatar lasisin kamun kifi mai ɗorewa, da wurin sanyaya kamunsa, da rumfar da zai sayar wa baƙo kifi hannu da hannu ba dillali a tsakani. Wasu kuma za su ce babu kuɗi. To, da duwatsu suka rikito a 2000 aka rufe hanyar, hukuma ta haɗa hannu da 'yan kasuwa, aka kafa ragar ƙarfe mai tare dutse, aka sake buɗe ta a 2003 da shingen karɓar kuɗi. Abin da aka yi don kare masu wucewa, ana iya yin irinsa don mazauna.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar lardin Western Cape da masu shirya gasar su ware kaso sananne a rubuce, kuma masuntan Hangberg su zauna a wurin da ake yanke yadda za a kashe shi.