Yarima Ba Fada: Me Ya Burge Mu?

Mu matasa muna son fim ɗin da ake ɗauko basarake daga zamanin da a jefo shi cikin namu, mu yi ta dariya yana tuntuɓe.

A Kate & Leopold na 2001, Hugh Jackman ya fito a matsayin Leopold, ɗan sarautar Ingila da ya faɗo daga 1876 zuwa birnin New York na zamani. Na'urar gasa burodi ta gagare shi, ga 'yar sanda tana umartar sa ya kwashe kashin kare a titi. A Rooftop Prince kuwa, shirin Koriya ta Kudu na 2012, yarima Lee Gak ya tsallako shekara 300 daga daular Joseon, ya sauka da fadawansa uku a ɗakin wata budurwa a Seoul. Ita ke ciyar da su, ita ke sa su aiki.

Bayan dariya sai soyayya. Leopold yana miƙewa tsaye idan mace za ta bar tebur, yana rubuta wasiƙar ban haƙuri da hannunsa. Nan za ka ji ƙawaye a ɗakin kwanan ɗalibai suna cewa, "Irin wannan mijin muke so!"

To amma mu lura, mun so shi ne a lokacin da aka raba shi da mulki. Ba dogari, ba bara, dole ya koyi roƙo da godiya. A gidansu wasu ne ke durƙusa masa, kuma fim ba ya daɗewa a kan fuskokinsu.

Ƙarshen labarin ma abin dubawa ne. Kate ta samu ƙarin girma a wurin aiki, sai ta ajiye komai ta bi shi 1876, alhali sai 1920 aka tabbatar wa matan Amurka 'yancin zaɓe a faɗin ƙasar. Fim ya rufe da rawa, bai nuna mana washegari ba.

Saboda haka 'yan'uwa mata, kafin a yaba wa mai daɗin baki, a duba yadda yake yi da wanda yake ƙarƙashinsa. Mu kuma samari, ladabin da ya sa ake son Leopold ba ya buƙatar rawani. Gaisuwa, cika alkawari da sauraron mutum har ya gama magana, duk muna iya fara su tun daga aji.