An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Binciken Fasinja a Filayen Jiragen Sama

Duk wanda Allah ya nufe shi da tafiya ta jirgin sama ya san irin wahalar da ake sha kafin a kai ga kujera. A bi layi, a kwance ɗamara, a zazzage aljihu, a buɗe jaka, wani lokaci har ɗan ruwan sha da ke hannun mutum sai an karɓe. Matafiyi yakan haƙura da wannan duka don yana zaton bayan irin wannan tankaɗe da rairaya ko allura ba za ta kuɓuta ba. To, amma fa abin da ya auku ranar 25 ga watan Disamba, 2009, ya isa ya sa mai hankali ya sake tunani.

A ranar ce wani saurayi ɗan Nijeriya mai shekara 23, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin kamfanin Northwest mai lamba 253, wanda ya taso daga Amsterdam ta ƙasar Holan ya nufi Detroit ta Amurka, ɗauke da mutane kusan 290. An ɗinke masa hodar nakiya da ake kira PETN, kimanin giram 80, a cikin kamfai, da sirinji mai ɗauke da ruwan da zai tayar da ita. Allah ya taƙaita, nakiyar ba ta fashe ba, wuta kawai ta kama, wani fasinja ɗan Holan mai suna Jasper Schuringa ya yi kukan kura ya danne shi. Wato dai abin da ya tserar da jirgin nan shi ne kuskuren nakiyar da ƙarfin halin fasinjoji, alhali kuwa saurayin ya ratsa ƙofar bincike har sau biyu, a Ikko da kuma a Amsterdam.

Dalilin da ya sa ƙofofin nan ba su tsayar da shi ba a fili yake. Na'urar da ya bi ta cikinta ƙarfe take nema, hoda kuwa ba ƙarfe ba ce. Saboda haka ɗora wa ma'aikacin da ke tsaye a bakin ƙofa laifi ɗungurungum zalunci ne, don kuwa ya yi aiki da abin da aka ba shi. Babban sakacin ya faru ne tun makonni biyar kafin ranar tafiya, a cikin ofisoshi masu sanyi inda babu layi babu turereniya.

A cikin watan Nuwamba na shekarar, mahaifin saurayin, Alhaji Umaru Mutallab, mutumin Funtuwa kuma tsohon shugaban First Bank, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja, ya shaida musu cewa ɗansa ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi, kuma yana jin yana ƙasar Yaman. Wanda ya san yadda Bahaushe ya ɗauki rufin asirin gida zai fahimci nauyin wannan taki. Uba ba ya kai ƙarar ɗan cikinsa wurin baƙi sai tura ta kai bango. Me aka yi da wannan magana mai tsada? An rubuta sunan yaron a cikin wani kundi mai sunaye fiye da rabin miliyan, aka bar shi nan. Ba a sa shi cikin jerin waɗanda aka hana shiga jirgi ba, ba a kuma soke bizar da aka ba shi tun 2008 ba. Daga baya ma fadar shugaban Amurka ta amsa cewa kuskuren rubuta sunansa ya sa da farko ba a gane yana riƙe da biza ba. Harafi ya kusa cin rayuka ɗari biyu da casa'in, abin da ya kamata ɗalibin ka'idojin rubutu ya riƙe. Daɗin daɗawa, Ingila ta riga ta hana shi biza a watan Mayu na 2009, sannan da tsabar kuɗi aka sayi tikitinsa a birnin Akra na ƙasar Gana. Kowace alama tana hannun wani ofishi, amma babu wanda ya tattara su wuri ɗaya balle ya aika wa mai gadin ƙofa.

Tarihin binciken fasinja kusan duk ihu ne bayan hari. Richard Reid ya ɓoye nakiya a takalmi a 2001, daga baya aka shiga cire wa mutane takalma, har sai 2025 Amurka ta janye wannan doka. Aka bankaɗo makircin nakiyar ruwa a Landan a 2006, aka ƙayyade ruwan da fasinja zai riƙe zuwa mililita 100. Bayan na kamfai kuma aka baza na'urorin da ke leƙa jikin mutum ta cikin tufafi. Kullum dabarar jiya ake tsarewa.

Ko ita ƙofar ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. A 2015 masu binciken gwamnatin Amurka suka yi shigar burtu da makamai da nakiyoyin gwaji, suka wuce sau 67 a cikin gwaji 70, har aka kawar da muƙaddashin shugaban hukumar TSA daga kujerarsa. Wannan ba ya nufin a rushe binciken, don a shekarar 2023 kaɗai hukumar ta kama bindigogi 6,737 a wuraren bincike, mafi yawansu da harsashi a ciki. Ƙofa tana kama mai mantuwa da mai ganganci. Wanda ya zauna ya nazarce ta kuwa, sai labari ya riga shi isowa sannan a kama shi.

Abin takaici shi ne matakin da aka fara ɗauka. A watan Janairu na 2010 Amurka ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashe 14 da za a riƙa yi wa matafiyansu bincike na musamman. Ɗalibi da ɗan kasuwa da tsohuwa mai zuwa ganin jika duk suka zama abin zargi, a ƙasar da ɗaya daga cikin dattawanta ne ya kai gargaɗin da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Jakin yana ofis, aka hau taiki da duka. Matakin bai yi ƙarko ba: a watan Afrilu na 2010 aka soke jerin, aka maye gurbinsa da tsarin da ke dogara da bayanan asiri a kan mutum, ko daga wace ƙasa ya fito. Shi kuwa Umar Faruk, kotun Detroit ta yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Fabrairu na 2012.