A Kurmi Ake Zaune, Amma Ba A San Kurmi Ba

Tun zamanin fataken goro, in Bahaushe ya ce ya tafi Kurmi, kudu yake nufi, saboda duhuwar itatuwan da ta rufe wannan ƙasa a da. To, ga abin mamaki. Akwai mutumin da ya shekara talatin a unguwar Sabo ta Badun, ya yi aure, har ya aurar, amma bai taɓa sa ƙafarsa cikin kurmi na sosai ba. Iyakarsa shago da masallaci da tasha. 'Ya'yansa kuwa ba su san dajin Arewa ba, ba su san na kudu ba, sai kwalta da kwata.

Alhali kuwa kurmin yana nan kusa. A kan hanyar Oyo, ba nisa da kasuwar Sasa inda 'yan Arewa suka daɗe suna sauke tumatir da albasa, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, watau IITA, wadda aka kafa a 1967. Manoman Arewa ba baƙinta ba ne, gama tana da reshe a Kano inda ake binciken irin wake. Filinta na Badun ya kusa eka 2,500, daga ciki kuma an keɓe fiye da eka 800 an bar wa kurmi, ba sara, ba farauta. Akwai rimi da loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, waɗanda sai mutum ya ɗaga kai hularsa ta faɗi kafin ya ga ƙarshensu. Akwai tsuntsaye fiye da iri 200, har da wani mai launin baƙi da ja da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a kudu maso yammacin Nijeriya. An fid da ƙananan hanyoyi cikin kurmin don masu tafiya a ƙasa, masu keke kuma suna zagaya tafkin da ke wurin. Mazauna Ikko su ma suna da nasu a Lekki, wanda aka buɗe a 1990, ko da yake shi ƙarami ne, kuma na tafiyar ƙasa ne.

Wani zai ce yawo cikin itatuwa aikin Turawa ne da waɗanda suka ƙoshi. Zai ce mai ga-ruwa da ɗan dako sun wuni suna tafiya, wace tafiya kuma za a ƙara musu? Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Amma ba duk ɗan Arewa ne ɗan dako ba. Dillalin shanu da mai canji da mai sayar da goro zaune suke wuni a kan benci, daga tuwo sai shayi, har hawan jini da ciwon sukari su sallama musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Shi kuwa ɗan dako, ba tafiya ya rasa ba, iskar da ba hayaƙin mota ya rasa, da wurin da ba wanda zai daka masa tsawa.

Batun keke kuwa, ai ba wanda zai koya wa Bahaushe. Kakanninsa a kan Raleigh suka kai gyaɗa kasuwa. Bambancin keken da ake shiga daji da shi, wanda aka fara ƙerawa a Amurka cikin shekarun 1970, shi ne tayarsa mai kauri ce mai haƙora, yana da giya da yawa don hawan tudu, birkinsa kuma yana kamawa sosai. Sai dai a kula, babbar riga da kaca ba sa shiri, jar ƙasar kudu kuma in ta sha ruwa santsi gare ta kamar kuɓewa.

Amma akwai dalilin da ya fi lafiyar jiki nauyi. Kowa ya san abin da ake zato yau in an ga ɗan Arewa a bakin daji a kudu. Cikin Janairun 2021 Gwamnan Jihar Ondo ya ba makiyaya kwana bakwai su fita daga gandayen dajin gwamnati, saboda satar mutane da ta yi yawa. Wata guda bayan haka aka yi rikici a Sasa, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna. Tun daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa zama lafiya shi ne a lafe cikin unguwa, kada a leƙa ko'ina. Wannan dabara ba ta ɓullewa. Wanda ba a ganinsa sai a kasuwa, ba a saninsa sai da abin da ake faɗa a kansa. Ran da Bayarabe ya gamu da Alhaji da iyalinsa a kan hanyar kurmi, yaransu suna nuna tsuntsu ɗaya, ran nan ya ga abin da jita-jita ba ta gaya masa ba. Gani ya kori ji.

Saboda haka a shiga kurmi, amma ta ƙofa. Ba kowane daji ake nufi ba, wanda ke da shinge da masu gadi da ɗan jagora ake nufi. Ya kamata sarakunan Hausawa na Sabo da Sasa, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da malaman Islamiyya, su nemi izini tun da wuri, su ɗauki mota guda, su biya kuɗin shiga daga asusu, don kada kuɗi ya hana yaron talaka. A tafi da ruwan sha da buta da tabarma. A bar adda da ɗanko a gida. Kada a sassaƙi ɓawon itace don magani, kada a ɗebi itacen wuta, kada a kauce wa hanyar da aka fitar. Mutum ɗaya in ya saɓa, jama'a duka za a shafa wa.

A 1916 aka kafa unguwar Sabo. Jama'ar da ta haura shekara ɗari a gari ta wuce a kira ta baƙuwa, kuma tana da rabo cikin inuwarsa kamar yadda take da rabo cikin harajinsa. Kurmin da ya rage kaɗan ne, gine-gine sun cinye sauran. In yaran Sabo ba su san shi ba, ran da aka zo sare shi ba za su ji komai ba. Allah ya sa iyaye su kai su tun yana nan tsaye.