Hawan Jini Ba Ya Jiran A Koma Gida

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki a nan Sabon Ibadan. Mutum zai ji ƙirjinsa ya yi nauyi, numfashi na sarƙewa in ya hau bene, ƙafa ta kumbura, sai ya ce bari sai ya je gida da Sallah a duba shi. Gidan kuwa Kano ne ko Sakkwato. Alhali ga asibitin koyarwa na UCH a bakin ƙofarmu tun 1957, da likitocin zuciya a ciki.

Wasu na cewa asibitin na 'yan gari ne, mu baƙi ne. Wannan magana ba ta da tushe. Asibitin na gwamnatin tarayya ne. Kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti korar wanda aka kawo cikin gaggawa, ko da wane dalili. Dokar dai ba ta ce magani kyauta ne ba, amma ba a tambayar takardar shaidar asali kafin a ceci rai.

Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba, sai dai a ji ɓarin jiki ya shanye. In awo ya yi ta kai 140 bisa 90, a ga likita, kuma kada a bar magani don an ji sauƙi. Uwargida, gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali ga mutum ɗaya, har da na dunƙulen magi.

Ina kira ga ƙungiya ta sayi na'urar awo, a riƙa auna maza bayan Juma'a, mata kuma a bi su gida.