Manhajar da Aka Saya Jiya, Wa Zai Yashe Ta Gobe?

A ɗauki wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, ko wani ɗan asibiti mai zaman kansa a kan hanyar Kwanar Ɗangora, da ya biya wani matashi daga Kano ya rubuta masa manhajar ajiye sakamakon jarrabawa ko bayanan marasa lafiya wajen 2014. Manhajar ta yi shekaru tana aiki lafiya lau. Wata safiya aka buɗe shafin, sai farin allo. Ba wanda ya taɓa komai, kuma matashin ya daɗe da canza lamba. Hukuncin da akan yanke nan take shi ne yaron ya yi algus. Sau da yawa wannan hukunci zalunci ne.

Abin da ya faru yana can nesa. Yawancin irin waɗannan shafuka da harshen PHP aka rubuta su, kuma a wancan zamani masu koyo da dama suna haɗa shafi da rumbun bayanai ta wata tsohuwar hanya mai suna mysql. Masu kula da harshen sun yi gargaɗi a kanta tun 2013, suka cire ta ɗungurungum a PHP 7 cikin Disamban 2015. Da aka daina toshe ɓarakar tsaro a PHP 5.6 a ƙarshen 2018, kamfanonin da ke ba shafuka masauki suka fara sauya sigar harshen a kwamfutocinsu, don ba mai son riƙe gida da ƙofa a buɗe. Ranar da sauyin ya iso kan shafin makarantar, sai ya nemi abin da babu shi, ya tsaya cik.

Wahalar ta wuce nan, domin ba mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. Kamar magini ne da ke sayen bulo a nan, ƙofa a can, kwano a wani wuri. Ɓangaren da ke fitar da takardar sakamako wani ne ya rubuta shi a Turai, wanda ke aika saƙon tes ga iyaye wani ne daban, kuma kowane ɗaya yana jingine da wasu tubalan aro da shi ma ya ɗauko. Idan harshen ya sauya, ba ya isa a gyara abin da matashin ya rubuta da hannunsa. Sai kowane tubali ya samu mai gyara shi. Da yawansu kuwa aikin sa kai ne na mutum ɗaya ko biyu, waɗanda ba sa bin kowa albashi, kowa kuma ba ya bin su bashi. In mai tubalin ya gaji ya ajiye, duk ginin da ke kansa ya shiga uku. Duniya ta ɗanɗana wannan a Disamban 2021, lokacin da aka gano ɓaraka a Log4j, wani tubali na harshen Java da 'yan sa kai kaɗan ke riƙe da shi, alhali manyan kamfanoni da gwamnatoci suna kwance a kansa ba su ma san yawan wuraren da ya shiga ba.

Akwai masu ganin laifin na masu harsunan ne: me ya sa za su rushe abin da ke aiki? Ƙorafin yana da ƙafa. An fitar da Python 3 a Disamban 2008 ba tare da ta jitu da Python 2 ba, aka tsara sallamar tsohuwar a 2015, dole aka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020 saboda tubalan da jama'a ke dogaro da su ba su gama ƙaura ba. Shekara goma sha ɗaya ana jan ƙafa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara tsallakawa. Ba a yi wannan ƙaura da dabara ba.

Sai dai Bahaushe yana cikin waɗanda suka fi cin ribarta. Babban abin da Python 3 ta sauya shi ne yadda take ɗaukar rubutu: ta mai da tsarin Unicode ginshiƙi, maimakon tsohon zato cewa haruffan Ingilishi su ne haruffan duniya. Duk wanda ya taɓa ganin sunan Ɗanladi ya fito a takarda da alamar tambaya a madadin harafin farko, ko ya ga an mai da ƙasa ta koma kasa don na'ura ta huta, ya san darajar wannan gyara. Harshen da ya ƙi rushe komai don gudun ɓacin ran masu tsofaffin manhajoji, da har yau ɓ da ɗ da ƙ suna raɓe a bakin ƙofa.

Kuma yanzu sauyin ba ya zuwa a ɓoye. Python tana fitar da sabuwar siga kowace Oktoba, tana kula da kowace ɗaya shekara biyar. Da aka cire distutils a siga ta 3.12 cikin Oktoban 2023, abin da ya hana tubala da dama hawa kwamfuta, an riga an sanar shekaru kafin nan. Ranar mutuwar kowace siga a rubuce take tun ranar haihuwarta.

Saboda haka babban gibin yana wajen mai saye. A ma'aikatu da makarantu da asibitoci ana ɗaukar manhaja kamar ginin aji: a ba da kwangila, a yanka zare, a ɗauki hoto, a rufe fayil. Mutanen Bebeji kuwa suna da misalin da ya fi dacewa a gabansu. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, kuma ba wanda ya ce an yi ha'inci a gininta don magudanan da take shayarwa a Kadawa da Kura sun cika da laka da kachalla. Ruwa ne ke tafiya da ƙasa, yasa kuma aikin kowace shekara ce. Da aka yi sakaci da ita, sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING kafin a farfaɗo da magudanan.

Har a fannin manhaja akwai abin koyi a kusa. Alƙaluman rigakafi da haihuwa da ake tattarawa wata-wata daga ƙananan asibitocin Doguwa da Ƙiru suna shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar raya ta. Ita ma da Java aka gina ta, ita ma tana kan tubalan aro, amma tana da ma'aikatan da ake biya don su bi kowane sauyi. Manhajar makarantar Tudun Wada ba ta da kowa.

Shugaban makaranta ko daraktan asibiti ba ya bukatar iya rubuta layi ɗaya kafin ya kare kansa. Ya tambayi mai kwangila da wace siga ya yi aiki, da ranar da za a daina kula da ita. Ya karɓi ainihin rubutun manhajar tare da jerin tubalan da aka ara da lambar sigar kowanne, ya adana su a ofis, ba a kwamfutar cinyar matashin kaɗai ba. Sannan ya sa kuɗin kulawa na shekara-shekara a kasafi, kusa da na man janareto, ya kuma yarda cewa a shekarar da kuɗin suka yi aikinsu ba zai ga wani sabon abu a allo ba.