Shingen Hanya, Wuƙa a Wuyan Manomi

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, ana yi wa iyayenmu fashi da rana tsaka a kan titin gwamnati, mu kuwa mun yi shiru kamar malam ya ci shirwa.

A 2017 Jihar Binuwai ta kafa dokar hana kiwon sake. A 2021 gwamnonin Kudu suka taru a Asaba suka yanke irin wannan shawara. An toshe hanyar kora ke nan, saura mota. To, tirelar da ta ɗauko shanu daga Potiskum, Maigatari ko Wudil ba ta isa Legas sai ta tsaya shinge bayan shinge: wannan ya nemi takardar lafiyar dabbobi, wancan kuɗin jiha, na gaba kuɗin ƙaramar hukuma, wani kuwa ba rasit, ba kunya. Alhali Dokar Soja mai lamba 21 ta 1998 ta haramta datse hanya domin karɓar haraji.

Wa ke biya? Falke ba ya asara. Tun a kara yake cire kuɗin shinge, da ramar da shanu za su yi cikin rana, da wadda za ta mutu a hanya, sannan ya taya. Manomin da ya turke bijimi wata shida yana ba shi harawa da dusa, da matar da ta kiwata rago domin Babbar Salla, su ke biya. Ko da fatake suka fusata a Fabrairun 2021 suka daina kai abinci da dabbobi Kudu, tumatirin manomi ne ya ruɓe a Arewa.

Ba mu ƙi doka ba. Bushiyar 1983 ta koya mana cewa binciken likitan dabbobi wajibi ne. Amma hatimin da ake bugawa ba a dubi ko kofato ba ciniki ne kawai.

A 2016 jirgin ƙasa ya kwashi shanu 500 daga Gusau zuwa Legas, saboda haka kada a ce mana ba ya yiwuwa. Abin da muke nema daga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, wadda aka kafa a 2024, shi ne takarda ɗaya, kuɗi ɗaya, mashaya a hanya, da taragon dabbobi. Da kuɗin bijimin nan aka kawo mu jami'a. Gobe mu ne za mu riƙe hatimin. In muka yi shiru yau, mu ma masu shinge ne.