Tsohuwar kat-kat: nawa ne kuɗɗinta na gaskiya?

Jama'a, a ƙasarmu kwalta kaɗan ce, rairayi ne da yawa. Babbar hanya ta taso daga Yamai, ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Difa. Wata ta rabu ta nufi Tawa da Agadas. Amma da ka sauka daga bisansu ka nufi ƙauye, sai tudun rairayi, sai laka in damana ta sauka. A nan ƙaramar mota ba ta da ta cewa. Sai motar da ƙafafunta huɗu duka ke ja, wadda muke kira kat-kat.

Sabuwar kat-kat ta fi ƙarfin yawancinmu. Shi ya sa kowa ke neman tsohuwa: ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye, ƙungiyar manoman albasa, ko ƴan ci-rani da suka haɗa kuɗɗi don garinsu ya samu abin kai mara lafiya da mace mai naƙuda likita. Kuɗɗin nan ba tsintarsu aka yi ba. Wani shanu ya saida, wani gona ya jinginar, wani adashin shekara uku ya kwashe. In cinikin ya ɓaci, ba mutum guda ne zai yi kuka ba, gida ne gaba ɗaya, wani lokaci ma gari.

Ra'ayina shi ne: kuɗɗin gaskiya na tsohuwar mota ba a bakin mai ita yake ba, ba kuma a bakin dillali ba. A takarda yake. Wanda ya iya rubutu da lissafi yana iya fitar da shi da kansa, kafin ya buɗe baki ya taya.

Taya rabi ba dabara ba ce

Mun saba a kasuwa: in aka ce dala 100, sai ka taya hamsin, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a haɗu tsakiya. Wannan yana yi ga tabarma da takalmi. Ga mota ba ya yi. Mai mota ya san za ka taya ƙasa, don haka ya riga ya ɗora abin da zai rage maka. Ka rage masa miliyon guda, ka koma gida kana murna, alhali har yanzu ka biya fiye da ƙima.

Haka kuma kada ka dogara ga abin da maƙwabcinka ya biya shekarun baya. Kuɗɗin mota yana bin kuɗɗin ƙasa, yana bin hanya. Dattawa suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi: duk abin da ke fitowa Turai ya yi tashin gwauron zabo. A 2023 kuma aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, wadda motocin Kwatano suka saba biyowa. Kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗɗin ɗauko ya ƙaru. Farashin bara tarihi ne. Na bana ake nema.

Fara da irin motar

Ba duka kat-kat ne ɗaya ba. Akwai Toyota Land Cruiser da Hilux, akwai Nissan Patrol, Mitsubishi Pajero da Land Rover. Tambayar farko ita ce: in ta lalace a Dakwaro ko Tanut, wa zai gyara ta, kuma ina za a samu kayan gyaran?

Ga dalilin da ya sa tsohuwar Land Cruiser ke riƙe kuɗɗinta. Irin da ake kira 70 ya fito tun 1984. Injinta na gazuwal mai suna 1HZ, mai silinda 6, ya fito a 1990. Ba shi da rikicin lantarki da yawa, kowane makanisiye ya san cikinsa, kayansa kuma ana samu a manyan garuruwanmu, da Kano, Katsina da Sakkwato. To amma Mitsubishi ta daina ƙera Pajero a 2021, Land Rover kuma ta tsaida tsohuwar Defender a 2016. Ba cewa na yi mugayen motoci ba ne. Cewa na yi ka tambayi kayan gyaransu a kasuwar garinku tun ba ka saya ba.

Akwai kuma manyan motoci masu shan isansi, masu kujerun fata da sanyi kamar randa. Sau da yawa sun fi araha wajen saye. Mi ya sa? Mu yi lissafi. A ce wata tana shan lita 13 a kilomita 100, wata kuma lita 20. Bambanci lita 7 ke nan. In kana yin kilomita 20.000 a shekara, ka ƙona ƙarin lita 1.400. Ko da lita ɗaya dala 100 ce, jikka 700 sun tafi a hayaƙi, kowace shekara. Araha ba ta ado.

Duba ta kamar yadda ake duba raƙumi

Mai sayen raƙumi ba ya tsayawa kallon akala da sirdi. Yana buɗe baki ya ga haƙora, ya taɓa ƙafafu, ya sa a tada shi, a gurfanar da shi. Mota ma haka take. Sabon fenti kyan ɗan maciji ne.

Kada ka yarda da lambar kilomita da ke gaban direba. Ana iya maida ta baya. Dubi abin da ba ya ƙarya: sitiyari da hannu ya suɗe, robar birki da ƙafa ta cinye, kujerar direba da ta lotsa. In lamba ta ce yarinya ce, su kuma suka ce tsohuwa ce, yarda da su.

Ka zo da safe, injin yana sanyi. In ka tarar an riga an tada shi ya yi zafi, ka tambayi dalili. A tada shi gabanka, ka dubi hayaƙi. Shuɗi yana nufin injin na ƙona man jikinsa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana iya nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙi kuwa, ko matatar iska ta toshe, ko famfon gazuwal na son gyara. Buɗe murfin man inji: in ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai, aikin kuwa babba ne.

Sannan ka shimfiɗa tabarma ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Shasi shi ne ƙashin bayan mota. In ya tsage aka yi masa walda, ko ya lanƙwashe, to an yi hatsari ko an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Motar da ta fito Turai, ka nemi tsatsa, don can ana zuba gishiri bisa hanya lokacin sanyi, gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Wadda ta daɗe bakin teku ita ma haka. Wadda ta yi aikin Tenere, tsakanin Agadas da Bilma, ba tsatsa ne ciwonta ba: ƙura ce a inji, da karyayyun ƙarafan da ke ɗauke da nauyi.

Tayoyi ma suna faɗin shekarunsu. A gefen taya akwai lamba huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, zafin watan Afrilu yana iya fasa ta.

Abu na ƙarshe, wanda mutane da yawa ke mantawa: ka gwada abin da ka zo saye. Kai ta cikin rairayi, ba bisa kwalta ba. A sa giyar ƙafa huɗu, babba da ƙarama, a ga ko ƙafafun gaba suna ja da gaske. Akwai motocin da aka cire musu ƙarfen da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba don ya lalace. Sunanta kat-kat, aikinta na taksi. Wanda ya hana ka gwaji, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Duk wannan duba, ka yi shi da makanisiyenka, wanda kai ka ɗauko, kai za ka biya. Ba wanda dillali ya nuna maka ba.

Takardu rabin mota ne

Lambar da aka buga a jikin shasi dole ta yi daidai da wadda ke cikin kartigiris, harafi da harafi. In wurin lambar ya yi kama da an goge ko an sake bugawa, tashi ka ba su wuri. Sunan da ke takarda shi ne na mai saidawa? In ba shi ba ne, ina takardar da ta ba shi izini? Motar da ta shigo daga waje, an biya mata duwan? In ba a biya ba, ranar da aka tare ka kai za ka biya, ko a kai ta furiya ta yi ta shan rana. In kuwa ta sata ce, ka rasa mota, ka rasa kuɗɗi, ka kwana ana yi maka tambayoyi. Motar da takardunta ba su cika ba, ba ragi take so ba, bari take so.

Yanzu sai lissafi

Ga misali. Lambobin nan don koyo ne, kai sai ka sa na kasuwarku.

Mai mota ya ce miliyon 9. Kai kuma ka yi yawo, ka tambayi direbobin tasha da masu garaji, ka samu labarin motoci uku irinta, tsararta, masu lafiya, da aka saida kwanan nan. Ka lura: abin da aka biya, ba abin da aka fara faɗi ba. Ɗaya miliyon 7 da rabi, ɗaya miliyon 8, ɗaya miliyon 8 da rabi. Na tsakiya shi ne miliyon 8, wato jikka 8.000.

Makanisiye ya duba, ya ce ga abin da take so:
Tayoyi huɗu: jikka 400
Ambirayaji: jikka 250
Bel na inji, mai da matatai: jikka 150
Amortisar da ƙarafan baya: jikka 200
Jimla: jikka 1.000

Sannan akwai bashin takardu da mai motar bai biya ba, jikka 200.

To: 8.000 a cire 1.000, a cire 200, saura jikka 6.800. Nan ne kuɗɗin gaskiya yake, ko sama kaɗan, ko ƙasa kaɗan. Wanda ya taya miliyon 8 yana ganin ya ci riba, ashe ya yi asarar jikka 1.200. Kai kuwa za ka aje takardarka gaban mai mota, ka ce: ga dalilina, nuna mini inda na yi kure. Wannan ya fi rantsuwa da ɗaga murya.

Kuma kada ka zuba duk abin da ke aljihunka wajen saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Tsohuwar mota ba ta rasa ciwon da bai nuna ba ranar ciniki. Motar da aka saya, aka rasa na gyara, ɗakin kaji ce mai tsada.

Mai saidawa ma yana da haƙƙi

Wani zai ce: ai wannan duk dabarar danne mai kaya ce. A'a. Kuɗɗin gaskiya gaskiya ne ga mutum biyu. In mutum ya kula da motarsa, yana juye mai a kan lokaci, ya aje takardun gyara, ya sa sabbin tayoyi, to a ƙara masa, kada a rage. In ka ga matsuwa ce ta sa shi saidawa, rashin lafiya ko bashi, kada ka mai da wahalarsa ganima. Shi kuma kada ya ɓoye aibi. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma hana a sa wani ya riƙa taya abu da ƙarya don kuɗɗi ya hau.

Wani kuma zai ce: Toyota ba ta mutuwa, ko nawa aka ce, saya. Gaskiya ne tana da ƙarko. Amma suna ba ya ɗinke shasin da ya tsage. Ƙarko na mai kula ne.

Dillali fa? Yana da amfani, shi ya san inda mota take, la'adarsa kuma halal ce. Sai dai ka tuna, in la'ada tana bin yawan kuɗɗi, to tsada ce ribarsa. A yanke la'ada tun farko, a san wanda zai biya.

In an sallama, a rubuta. Sunan mai saye da mai saidawa, lambar shasi, kuɗɗin da aka biya, aibin da aka faɗi, ranar ciniki, da sa hannun shaidu. A kai a buga hatimin hukuma, a canza suna a kartigiris ba da jinkiri ba. In kuɗɗin ƙungiya ne, a karanta takardar gaban taro, kowa ya ji da kunnensa.

Ƴan'uwa, kasuwa ba ta ƙarewa, mota ba ta ƙarewa. In aka ce maka wani na nan tafe da kuɗɗi, ka yi sauri, ka ce Allah ya ba shi sa'a. Wanda ya yi haƙurin mako biyu yana tambaya, yana rubutawa, yana cirewa, shi ne zai hau motarsa da kwanciyar rai. Karatun da muke yi a aji, ga ranarsa.